Abin da Ke Rubuce a Shafin Farko

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki. Allah Ya sassauta miki ciwon gwiwar nan, Ya ƙara miki ƙarfin jiki, Ya raya mana zuri'a baki ɗaya. Mu ma nan muna godiya ga Allah. Baban yara yana gaishe ki, har yanzu yana fama da tsohuwar motarsa da ta fi sanin garejin bakanike fiye da ƙofar gidanmu. Babbar 'yarki ta gama jarrabawar ƙarshe, tana zaune tana jiran sakamako tana cinye mana sukari. Auta kuwa ta kai tsayina, ta fara ɗaukar takalmana ba tare da tambaya ba.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ko shekaranjiya mun yi waya. Da gangan na yi. A waya kina da hanyoyin kuɓuce min da yawa: ko ki ce ba kya ji na sosai, ko ki miƙa wa jikarki ta gaishe ni, ko ki tuna kin bar tukunya a wuta. Takarda ba ta yankewa. Ki zauna, ki sa tabarau, ki karanta har ƙarshe, domin raina a ɓace yake, kuma da ke nake.

Shekara huɗu ke nan cikina yana wasa da ni. Kin sani, amma sanin da kika yi na daga nesa ne, bari in kawo miki shi kusa. Akwai safiyar da nake shiga banɗaki sau huɗu kafin in ɗaura ɗankwali, ciki yana murɗawa kamar ana matse wanki. Akwai kuma makon da komai zai tsaya cak, kwana biyar ba labari, cikin ya kumbura ya yi tauri har sai na sassauta zani a ƙarƙashin tebur. Wata maƙwabciya ta taɓa tare ni a bakin famfo, ta dubi cikina ta yi murmushi ta ce Allah Ya raba lafiya. Ni, mai shekara arba'in da bakwai! Na ce mata amin, iska ce, in na haife ta zan aiko mata da goron suna. A ɗakin karatun da nake aiki, daga teburina zuwa makewayi taku sittin da biyu ne har da matakala, na ƙirga su ranar da na ga ba lallai in kai ba. Makullin yana rataye a wuyan mai gadi, shi kuma mai gadi kullum yana can bakin titi yana sayen rake. Na san kowane banɗaki da ke tsakanin gida da wurin aiki: na gidan mai, wanda ba ya kulluwa, na shagon wata tela, baiwar Allah da ba ta taɓa tambayata dalili ba, da ta hango ni sai ta ɗaga labule kawai ta ci gaba da ɗinkinta. Na daina cin abinci a gidan mutane, har dangin miji suka ce girman kai ne ya kama ni.

A cikin shekarun nan babu sunan da ba a raɗa wa ciwon ba. An ce olsa ce. An ce taifod, sau uku, kamar ni kaɗai ta sani a duniya. An ce tsutsar ciki, an ce basir, an ce sanyi. Mai kemis na bakin layinmu, wanda ko sunan maganin ba ya iya karantawa sai ya duba kalar kwali, shi ma ya ba da tasa fatawar. Ke kanki kin aiko min da garin magani kala uku, na sha don kada ki ce na raina ki, na kwana biyu ina zagaye. Da na ga abin ya ƙi, sai na yi abin da na iya: na sayi littafi, na riƙa rubuta abin da na ci, da lokacin da ciwon ya taso, da yadda ya fita, da yadda ya lafa. Wata goma sha ɗaya ina rubutu. Na ga madara tana tayar da shi, wake da albasa ma haka, na ga kuma yakan sassauta bayan na zagaya. Likita shida na miƙa wa littafin nan a asibiti, babu wanda ya buɗe. Kowannensu sai ya ɗauki fayil ɗina, ya duba shafin farko, ya ɗago kai ya yi min wani irin kallon tausayi, sannan ya tambaye ni ko muna zaman lafiya da maigida. Wani ƙaramin likita da na tabbata na girme wa uwarsa ya ce in rage tunani. Na ce masa ya nuna min inda ake murɗawa a rage, sai ya yi dariya ya rubuta min maganin barci.

Na daɗe ina mamakin me ke cikin shafin nan da yake rufe wa mutane kunne. Ranar Talatar da ta wuce na gani. An tura ni wurin likitar hanji a wani ɓangaren asibitin, masinja bai zo aiki ba, sai nas ta miƙa min fayil ɗin ta ce in kai da kaina, kada in buɗe. Yaya, shekara ashirin da biyu ina aiki da takardu, a sa min takarda a hannu a ce kada in karanta? Kan bencin farko na zauna. Rubutun likitan da muka fara gani ne, wancan mai furfura, ranar da kika kawo mana ziyara kika ce sai kin raka ni. Kin tuna ya ce in je in kai fitsari, kika zauna kina jirana a ofishinsa? To, ga abin da ya rubuta bayan fitata. Wai yayarta ta ce tun tana ƙarama mai zafin rai ce, mai sa abu a zuciya, kuma tun da aka hana ta ƙarin girma a wurin aiki ciwon ya fara. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya: wai yayarta ta tabbatar babu mai ciwon hanji a danginsu. Sannan ya rubuta kalmar damuwa, ya ja layi biyu a ƙarƙashinta.

A wurin aikinmu, idan aka ba littafi lambar da ba tasa ba, to ya ɓata ke nan. Yana nan a cikin ginin, a kan kanta, da bangonsa da komai, amma mai nemansa zai shekara goma bai same shi ba. Abin da kika yi min ke nan cikin minti biyar da na yi a layin fitsari. Zancen zafin rai ban musa ba, kowa ya sani, Inna ma takan ce da faɗa na zo duniya. Amma ban kai kaina asibiti don a auna halina ba. Kuma ba wannan layin ne ya fi ɓata min rai ba. Na biyun ne.

Likitar hanjin wata gajeriyar mace ce mai tabarau, ba ta da fara'a ko kaɗan, kuma wallahi na fi son ta da duk masu murmushin nan. Ta karɓi littafina ta karanta, tana juya shafi tana tambaya, har ta ce rubutuna ya fi na ɗalibanta tsari. Ta ce abin da na rubuta ya yi kama da wani sanannen ciwo, inda hanji ba shi da rauni ko gyambo amma yana saurin harzuƙa, abu kaɗan ya taɓa shi sai ya murɗe ko ya saki. Na ce a raina, to ashe har hanjin nawa mafaɗaci ne, Yaya za ta ji daɗi. Ta ce irin wannan ba ya kisa, ana iya zama da shi a lallaɓa shi da kula da abinci da magani, kuma gaskiya ne ɓacin rai yana ƙara masa ƙarfi. Ga wannan na ba ki, ki riƙe. Amma ta ce ba za ta kira shi da wannan sunan ba sai ta tabbatar ba wani abu ne ya ɓuya a bayansa ba, musamman da gwajin ya nuna jinina ya ɗan yi ƙasa, ga kuma shekaruna. Ta tambaye ni ko ina ganin jini, na ce a'a. Ko na rame, na ce ban lura ba. Sai ta sa yatsa a kan layin nan naki, ta ce a gidanmu fa, da gaske babu wanda ya taɓa ciwon hanji? Na buɗe baki in ce babu, sai Inna ta faɗo min a rai. Na ce mata ban sani ba. Mace mai 'ya'ya biyu, mai digiri, na zauna gaban baƙuwa na ce ban san abin da ya kashe uwata ba.

Ina goyon babbar 'yarki lokacin, ina nesa, sau biyu kacal na samu zuwa. Amma ina da ido. Na ga yadda Inna ta zube har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Na ga roba mai murfi a ƙarƙashin gadonta. Na ga kina wanke zannuwanta a bayan ɗaki ke kaɗai, da na zo taya ki kika daka min tsawa kika ce in je in ba yarinya nono. An kai ta babban asibiti an yi mata aiki a ciki, kuka dawo da takardun asibitin a cikin ambulan mai ruwan ƙasa, kika saka ta a akwatin ƙarfen nan kore kika kulle. Duk lokacin da na tambaya, sai ki ce ciwon ajali ne, in yi mata addu'a. Addu'a ina yi kullum. Amma ajali ba ya hana ciwo suna, kuma ke kin san sunan.

Ga dalilin da ya sa ba zan ƙara haƙuri ba. Akwai gwajin da ake zura siririyar na'ura mai kyamara a duba hanji daga ciki. Layin masu jira dogo ne, likitar ta ce zai iya kai ni wata bakwai ko takwas. Amma in ta tabbata ciwon daji na hanji ne ya ɗauki mahaifiyata, kuma tana 'yar hamsin da biyu, to za ta sa ni a gaba cikin makonni, domin irin wannan yakan bi jini, kuma in an gan shi da wuri ana cin ƙarfinsa. Ba za ta tsallake da ni kan wasu marasa lafiya a kan zato ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta ba ni mako uku in dawo da amsa. Ranar sha tara ga wata zan koma. Ina iya tafiya in yi mata ƙarya in ce na tabbata, na yi tunanin haka a cikin mota, amma fayil ɗin nan ya riga ya ƙoshi da maganar da ba a tabbatar ba.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce Inna ce ta roƙe ki ki rufa mata asiri, domin ciwon a wurin da ba a ambata yake, kuma mace ce da ko tari ba ta so a ji ta yi. Na yarda. Na kuma san ke kika ɗauke ta, kika juya ta, kika wanke ta, kina 'yar shekara talatin ba mai taya ki, ni ina can ina wasa da jaririya. Ban manta ba, ba zan taɓa iya biyanki ba. Amma Inna ta ɓoye ne don kunya, ba don ta bar wa 'ya'yanta tarko ba. Da za a ce mata shirun nan zai sa a shekara huɗu ana ba autarta maganin barci, da kanta za ta fasa akwatin. Kin cika alkawari shekara ashirin da uku, ya isa haka.

Kuma ki saurare ni da kyau, domin ba ni kaɗai ba ce. Likitar ta ce in abin da nake zato ne, duk wanda Inna ta haifa sai an duba shi. Bana kin haura shekarun da ta rasu da ɗaya. Zuwanki na ƙarshe na ga kina tsakurar abinci kina ture kwano, na tambaye ki kika ce zafin gari ne. Ban yarda ba a lokacin, yanzu ma ban yarda ba. Ina jin haushinki kamar in yi me, amma yaya ɗaya gare ni, ba ni da niyyar wanke zannuwanki a bayan ɗaki ina ce wa 'ya'yanki ciwon ajali ne.

Saboda haka ki buɗe akwatin. Makullin yana cikin gwangwanin allura, inda yake tun muna 'yan mata. Ki ɗauki hoton kowace takarda da ke cikin ambulan, gaba da baya, ki turo min kafin sha tara ga wata. In asu ya cinye su, ki rubuto min sunan da likitocin suka faɗa miki, kalma ɗaya ta wadatar. Kada ki aiko min da garin magani, kada ki sa maigidanki ya kira Baban yara a ba ni haƙuri, kada kuma ki ce in rage tunani.

Ki gaishe min da maigidanki, Allah Ya ƙara masa haƙurin zama da 'yan gidanmu. Ki gaishe da Dogo da matarsa, da Malama, da 'yan biyu, da takwarar Inna, ki ce mata ƙaramar kakarta ta ga hoton haƙoranta biyu. Ki gaishe da Gwaggo in kin je, amma kada ki karanta mata wannan. Baban yara da 'ya'yanki duk suna gaisuwa. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, Ya ba mu lafiya ni da ke.

Ina duba wayata.

Taki,
ƙanwarki mai zafin rai, kamar yadda yake a rubuce.