Haɗin Ciwon Jiki

Fezzan, Maiduguri

Zuwa ga Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Taufiq da Mu'mina. Yaya ƙafar Inna? Gari da ƙuli-ƙulin sun iso ta hannun Musa direba, Allah Ya saka da alheri. A waya ba na iya sakin baki, shi ya sa na koma takarda kamar ɗan firamare.

Kin tambayi firaktikal, wato koyon aikin da muke yi a asibiti. To, mijinki da ya shekara goma sha huɗu a kemis, wanda rabin Nguru ke kira Dokta, yanzu ƙirga ƙwaya yake yi yana zubawa a 'yar leda. Wata shida za mu yi, ba a ba mu ko sisi, farar rigar ma ni na saya. Sauran ɗaliban sa'o'in ƙannena ne, hirarsu da Kanuri, ni kuma sun laƙaba mini Baba. In lokacin abinci ya yi kowa ya ja abokinsa, ni in zagaya bayan sito in jiƙa garina. Madam Phebe, shugabar sashen magani, ba ta san dariya ba, kuma sai da sa hannunta ake samun satifiket.

Na san nauyin duk yana kanki. Ki kula da shago, musamman haɗin ciwon jikin nan namu, tunda shi ke ciyar da ku a can, ya ciyar da ni a nan. Ƙwaya huɗu a ƙulli, kada ki rage, 'yan dako suna ganewa.

Ina kewarki, har da mitarki.

Naki,
Nasidi

Fezzan, Maiduguri

Hajara,

Sallama da fatan alheri. Yaya zafi, yaya yara? Ki ce wa Taufiq na ji labarin jarrabawarsa.

Shekaranjiya Madam Phebe ta tambaye ni me na fi sayarwa a shagona. Wata biyu ba wanda ya tambaye ni komai a asibitin nan, sai baki ya ɗauke ni, na lissafa mata ƙwayoyin haɗin ɗaya bayan ɗaya ina jin kaina. Sai kawai ta ɗora mini kwalin magani, ta ce in biyo ta ɗakin wankin ƙoda. A hanya ta ce uku daga cikin huɗun aikinsu ɗaya ne, kuma mai shan su kullum, yana aiki cikin rana ba isasshen ruwa, ƙodarsa yake ci.

Na so in yi musu. Ai haka maigidana ya koya mini, haka kuma kowane kemis ke yi. Amma na duba littafi da kaina, gaskiyarta ce. Tun ranar abinci ba ya mini daɗi, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a garin nan.

Kada ki canza komai tukuna. Saura wata huɗu, in na karɓi takardar sai mu san abin yi. Na san yadda wannan maganar take a kunne, ba sai kin faɗa mini ba.

Mijinki,
Nasidi

Fezzan, Maiduguri

Hajara,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Kin tuna Umara, ɗan dakon nan dogo mai ɗaukar buhu biyu, wanda kan biyo shago kullum da asuba da yamma? Kin ce kin kwana biyu ba ki gan shi ba. Yana nan. Yau na kai magani ɗakin wankin ƙoda, na ji an ce Dokta. Na waiga, ban gane shi ba sai da ya yi murmushi. Ƙafafunsa sun kumbura, fuskar ta yi fari fat.

Murna ya yi ta yi, yana nuna ni ga na gadon kusa, wai ga likitan garinsu. Sannan ya jawo hannuna ya rage murya: "Dokta, maganinsu ba ya jin jikina. Ka taimaka ka haɗa mini irin naka."

Na faɗa wa Madam Phebe komai. Ta ce ba mai iya rantsewa haɗin ne kaɗai ya jawo. Na gode mata, amma ni na san shekara nawa ina miƙa masa ƙullin da hannuna.

Ki kwashe ƙullin duka daga kanta yau, kada ki jira su ƙare. Masu saye za su yi fushi su koma shagon gaba, ki faɗa musu dalili ko ba za su ji ba. Abin da ya rage na ciniki ki ciyar da yara, kada ki ƙara aiko mini da komai. Na je kasuwar Baga Road neman aikin ɗaure kwalin kifi na Asabar da Lahadi. In bai riƙe ni ba, zan dawo babu satifiket, ki yafe mini wahalar da kika sha a kansa.

Gobe zan koma wajen Umara in faɗa masa gaskiya, ban san ta inda zan fara ba. Ya ce in gaishe ki da kyau. Ya ce ko ranar da ba shi da ko kwabo ba ki taɓa barinsa ya tafi ba magani ba.

Ki sa mu a addu'a, ni da shi.

Nasidi