Kifin da Ba a Taɓawa

Zuwa ga ƙanena Haruna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna Kulu. Yaya ruwa a Yawuri bana?

Ni dai ina nan Barking, a ƙasar Turawa. Likita ya sake ɗaga ranar aikin da za a yi mini, ya kuma hana ni hawa jirgin sama. 'Yata Safiya da mijinta suna fita tun safe, ni kuwa daga kujera sai taga.

Ranar Asabar Safiya ta ga shiruna ya yi yawa, ta kai ni wani lambu da hukuma ta killace. Tafkuna ne a ciki, tun zamanin kakannin mutanen nan ƙasar aka haƙa su don kiwon kifi. Haruna, na ga kifi kamar cinyata, ba ya ko gudun mutum. Ban san lokacin da na durƙusa na sa hannu a ruwa ba.

Ta riƙe rigata. "Baba, don Allah tashi. Nan ba a taɓawa, fine za su yi mana, su ci mu tara."

Na tashi. Ni da na tsufa ina sana'ar su, yau 'yata ce ke janye ni daga bakin ruwa. Da muka koma gida ko abinci ban iya ci ba.

Ka sa ni a addu'a, Allah ya sa a sallame ni. Ka gaida kowa. Kada ka bar kwalekwalena ya bushe a rana.

Yayanka,
Mamman