Tsagar da ke Shasin Motar Silas

Azare, 3 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Zuliha,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da fatan aikin asibiti a Misau yana sauƙi. Ni ƙalau nake, in ban da gwiwa.

Kin tambayi abin da ya hana ni zuwa duba ku. Kada ki yi dariya, mota nake ƙerawa, 'yar ƙarama, tsawon hannuna. Ba ma motar duka ba, ƙashinta kawai, abin da makanikai ke kira shasi. Dogayen ƙarafan biyu daga ƙarfen labule na yanko su, sifirin, wato ƙarafan da ke rage girgiza, daga tsohon tef na awo, tayoyi daga silifas. Inci ashirin na babbar mota, inci ɗaya a nan. Ga inda karatun injiniya ya kai ubanki. Shekara talatin da biyar ina duba lafiyar motoci, abokan aikina da suka iya kau da kai sun gina benaye, ni ina kan tabarma ina goge ƙarfe.

Don Baba Silas nake yi, direban nan da ke kawo miki rake daga Jama'are kina ƙarama. Ban taɓa gaya miki abin da ya raba mu ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan na shiga ƙarƙashin motarsa na ga shasin ya tsage, na sa hannu a takarda aka hana ta hawa titi. Ya rantse lafiyarta ƙalau, ya ce na ci tuwon gidansa na ci amanarsa. Motar ta ruɓe a bayan tasha, shi kuma bai ƙara amsa gaisuwata ba.

Yanzu ciwon suga ya cinye idanunsa, kuma 'yarsa Hanatu za ta mayar da shi garinsu Bogoro ranar Asabar ta sama. Ba na so ya bar Azare bai yi mini magana ba. Tunda ba ya gani, ƙila hannunsa ya gane motarsa ce na ƙera.

Ki gaida yara. Mahaifinki,
Saleh

Azare, 8 ga Mayu

Zuliha,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, jiya da hantsi na kai masa. Hanatu ta yi mini iso, ta ce Baba ga Injiniya. Ya juya fuska bango. Na ɗora masa abin a cinya, duk jawabin da na shirya ya gudu.

Ya daɗe bai taɓa ba. Can sai yatsunsa suka fara bi. Ya ƙirga ganyen sifirin, ya juya tayoyin baya, ya koma ƙarfen hagu yana shafawa, sau uku yana komawa wuri ɗaya. Sai ya ture ta, ya ce wa Hanatu ta faɗa wa mai abin nan wannan ba motarsa ba ce, ta cikin littafi ce. Wai tasa tsagagga ce a bayan gindin sifirin na hagu, kuma duk sanda ya hau gadar Jama'are da lodin gyaɗa yana jin kukanta har cikin haƙoransa, yana addu'a a zuci.

Zuliha, ashe ya sani. Shekara goma sha ɗaya ina jiran wani ya ce na yi daidai, yau da na ji, ban ji daɗin komai ba. Na tsage masa rayuwa saboda tsagar nan, sannan na kawo masa mota sumul kamar ba a taɓa yi ba. Na ɗauko abina na fito. Har yanzu da Hanatu yake magana, ba da ni ba.

Ki sa ni a addu'a.
Mahaifinki

Azare, 11 ga Mayu

'Yata,

Ina gaishe ku duka. Kwana biyu ina kallon ƙarfen nan, zarto a hannu. Wata uku na yi ina daidaita shi, ban taɓa ɓata aiki da gangan ba. Na dai yanka tsagar a inda ya faɗa.

Yau da safe na same su an gama ɗaura kaya a motar da za ta kai su, shi yana gidan gaba. Na miƙa masa ta taga. Babban yatsansa ya tafi kai tsaye wurin, ya tsaya. Sai ya ɗago kai ya kira ni Saleh, ba Injiniya ba. Ya ce duk karatuna ko tsaga ban iya ba, na yi ta a miƙe kamar layin rula, alhali tasa a karkace take. Na ce ya ba ni in gyara. Ya ƙanƙame ta, ya ce mota ba ta jira, in ina da kunya in biyo shi da zartona, zai nuna mini.

Hanatu tana ta share ido, direba yana ta hon.

Saboda haka zuwana Misau sai wani makon. Ki tambayar mini maigidanki, tunda ya yi aiki a can kudancin jihar, in na sauka Bauchi a wace tasha ake shiga motar Bogoro.

Allah ya yi muku albarka. Mahaifinki,
Saleh