Saniyar da Ta Koma Tuƙa

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, da Inna da ƙannena. Yaya ciwon ƙafar?

Baba, jiya a gonar makarantarmu wata saniya mai ciki ta kumbura, ta daina tuƙa, sai nishi. Malaminmu ya dube ni ya ce, "Ke, me ya same ta?" Na ce iska ce ta cika tumbi, abinci ya kasa wucewa hanji, balle jini ya kwashi amfaninsa ya kai wa ɗan cikinta. Sai ya miƙo min tiyo ya ce, "To, ga ki ga ta." Na zura mata ta baki. Iska ta fito da wari, 'yan ajinmu suka watse. Kafin yamma ta koma tuƙa.

Kada ku damu da ni. Na ɗan rame, abincin nan bai karɓe ni ba tukuna, amma ina ci. Inna ta ci gaba da addu'a.

Kawu kuwa, da ya ce mace ba ta iya saniya ba, a karanta masa wannan da ƙarfi.

'Yarku,
likitar dabbobi in Allah ya yarda.