Gonar Baba Ba Ta Tafi Jingina Ba

Zuwa ga ƙanena Sha'aban,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da Kulu da yara, da fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Yaya Fatakwal da ruwan nan naku da ba ya gajiya? Allah ya tsare ku, ya sa albarka a nema. Mu nan Sandamu alhamdulillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zuwa gidan suna ta dawo tana kushe tuwon mutane, ka ga kuwa lafiya ta samu. Damina ta sauka, an yi shuka.

Maganar 'yarka ce ta sa na ɗauki biro, 'yar farin nan tawa da kuke kira Khairu. Na kasa faɗa maka a waya, don da na buɗe baki kuka ke riga ni. Ka san jami'a ta ɗauke ta karatun aikin jin daɗin jama'a, ka kuma san inda ta samo son abin. Lokacin da mahaifinsu ke kwance a asibiti a Katsina, wata ma'aikaciya mai suna Barakatu ce ta tsaya mana. Ita ta nemo mana sauƙin kuɗin magani, ita ta zauna da yarinyar nan a dakali ranar da ya cika. Tun ranar ba ta da zance sai ita ma irin aikin za ta yi.

To, kuɗin fa? Bashin banki da ruwa yake, ni kuwa ba zan kai riba gidan marayu ba. Kai ma na san nauyin da ke kanka. Sai na yanke shawarar in ba Alhaji Zailani, mai fataucin shanun nan na Mai'aduwa, jinginar gonar da Baba ya bar mini. Sharaɗin ka san shi: ya ba ni kuɗi, gona ta koma hannunsa yana nomawa yana kwashe amfani, sai ranar da na mayar masa da kuɗinsa cif. Liman ya ce shi ransa bai kwanta da cin amfanin jingina ba. Na ce na ji, amma ya nuna mini wata ƙofar. Bai nuna ba.

Ashe yarinya ta bi ta bayana ta je Katsina wajen Barakatu, ta tambaye ta albashinta ƙiri-ƙiri, ko kunya babu. Baiwar Allah kuwa ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce bayan shekarun da ta kwashe tana aiki, abin da take ɗauka a wata da ƙyar ya sayi buhun gero biyu, a ciki take biyan haya, a ciki take ba majinyatan da suka maƙale kuɗin mota. Ta ce aiki ne na lada, ba ta taɓa da-na-sani ba, amma ita yayanta ne ya biya mata karatu, ba bashi ta ci ba. Yarinya ta dawo ta zauna tana lissafi, ba da naira ba, da damman geron da gonar ke ba mu. Ta ce shekarun karatu za mu sayi hatsi a kasuwa, shekarun neman aiki ma haka, in an samu aikin kuma abin da za ta iya tarawa ba zai fanshi gonar ba sai ƙannenta sun yi furfura. Na daka mata tsawa, na ce wa ya aike ta, ni na haife ta ko ita ta haife ni? Na ɗauka magana ta ƙare.

Ranar da aka sa, kafin saukar ruwa, muka fita gona da mai unguwa da shaidu don a zaga iyaka. Kai, Sha'aban, da ka ga gonar nan! Duk rani muna kai mata taki a jaki, ta yi baƙi wuluk. Alhaji yana tafe yana murmushi, yana cewa takin ma ya shiga ciniki. An kai gambar da Baba ya dasa a kusurwar gabas, sai yarinya ta durƙusa gaban mai unguwa, ta ce a yi haƙuri, ta fasa karatun, kada a karɓi ko kwabo da sunanta. Ta ce ba za ta je koyon share hawayen mutane ba alhali ta bar yunwa a gidan uwarta. Alhaji ya kaɗe rigarsa ya hau babur. Ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni. Wallahi so nake in kama ta in roƙe ta, amma 'yar fari ce, ga maza tsaye, ko sunanta ban iya kamawa. Abin da ya fito daga bakina shi ne ta tashi, tana ɓata zanenta.

Lokacin rajista ya wuce. Da ita muka yi shuka, tana gaba ina baya, ba ta yi kuka a gabana ba ko sau ɗaya. Mutane sai barka suke yi mini, wai na haifi mai hankali. Barkar me? Geron ya fito kore shar, ni kuwa in na je gonar ba na iya ɗaga ido in dube shi.

Alfarma ɗaya nake nema. Ka kira ta, kai kawunta ne, bakinka ba a ɗaure yake ba. Kada ka yi mata faɗa, kada kuma ka yabe ta, yabon ya ishe ta. Ka gaya mata uwarta ta so ta tafi, da gaske ta so, kuma da gonar da abin da ke cikinta ba su kai ta a wurina ba. Ni na gwada, in na zo faɗa sai in ji na aike ta ɗebo ruwa.

Inna tana sa maka albarka. Yazid da Ikilima suna gaida kawunsu. Ka gaida Kulu, ka shafa mini kan Musaddiq. Ka sa mu a addu'a.

Wassalam.
Yayarka,
Hadijatu