Kenel Biyu a Kwamfutar Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Katin intanet na kwamfutar Baba ya ƙone. Maigidana ya sayo sabo, amma kwamfutar ta ƙi ganinsa. Ya ce kenel ɗin da ka haɗa mata, wato zuciyar manhajar, ya tsufa, bai san katunan yanzu ba, sai an sabunta shi. Ka san kunnen Baba, waya ba ta yi masa. Sai ya ga bakin 'ya'yanka a babban allo yake gane maganarsu. Ka ba mu izini.

Ƙanwarka, Auta

Auta,

Bayan gaisuwa, kada kowa ya taɓa min kwamfutar nan. Da hannuna na haɗa kenel ɗin, lokacin mijinki ko hanyar gidanmu bai sani ba. Ya gyara famfo, na yi shiru. Ya kai Baba asibiti, na yi godiya. Yanzu hirar Baba kullum "ɗana ya yi, ɗana ya ce", kuma ba ni ake nufi ba. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye miki ba. Kwamfutar ma sai ya karɓe? Ku jira hutuna.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa, sarkin kishi. Hutun naka da kullum ake ɗagawa? An sabunta, ka yi haƙuri, kati kuma ya kama tsaf. Maigidana bai goge naka ba, wai don girmamawa. In an kunna, layi biyu ke fitowa: na sama sabon, na ƙasa naka.

Baba ya tambaya na ƙasan na waye ne, muka gaya masa. Tun ranar, kullum da safe sai ya sa tabarau, ya lallaɓa ya danna naka. Ba intanet, ba kira. Ya zauna yana kallon tsoffin hotunan yaranka. Na ce, "Baba, na saman ne ke aiki." Ya ce, "Na sani. In ya zo ya tarar na bar nasa, ransa zai ɓaci." Ban nuna masa wasiƙarka ba fa, shi ya haife ka.

A gaida Anti.
Auta

Auta,

Na gaishe ku. Ki ce wa mijinki ya goge nawa yau, kuma na gode. In Baba ya tambaya, ku ce lalacewa ya yi da kansa. Yara suna nan gaban allo suna jira.

Yayanki