Yadda kike tsaga kaba

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifiyarta, ina fatan kina cikin ni'ima a makwancinki.

Inna, na gama karatun. Da kina nan, na san kau da kai za ki yi ki ce a ba ni ruwa, don ba a yabon ɗiyar fari a gabanta. To, yau ni zan yabe ki, kuma babu halin ki tashi ki shige ɗaka.

Shekarar da aka samu 'yancin kai, da aka zo garinmu Gangara ɗaukar yara lakol, wato makarantar boko, maƙwabta cikin rumbu suka ɓoye nasu. Ke kuwa kitso kika yi mini, kika miƙa ni.

Ba ki taɓa tambayar abin da nake karantawa a Faransa ba. Wani ƙarfe ne muke shimfiɗawa siriri, bai kai ɓawon albasa kauri ba. In ya yi sanyi ƙwarai, wutar lantarki na ratsa shi babu abin da ke tare ta. Nawa ya ƙi. Wata takwas ina aunawa, wutar na cijewa. Malamina ya ce in shekara ta ƙare a haka, sai in tattara in koma gida. Na ji tsoro, Inna. Tsoron in sauka mota a Agiye hannu rabbana, masu rumbu su samu abin faɗa miki.

Har zan jefar da shi, sai na tuna ki kina tsaga kabar tabarma. In na ja ta a karkace ta tsinke, ki buge mini hannu ki ce, “Ba ƙi ta yi ba, ke ce ba ki bi tsawonta ba.” Na kwance wayoyin da ke kai masa wuta, na ɗaura su ta ɗaya gefen. Wuta ta wuce sumul. Ashe shi ma yana da ɓangaren da yake ba da hanya da wanda yake hanawa, kuma a kan wannan na rubuta littafin kammala karatuna gaba ɗaya. Ina alfahari da shi, amma na fi alfahari da inda na koyo shi.

Wasiƙar da na aiko da labarin ta tarar ana zaman makokinki. Kawu ya sa aka karanta ta a ƙofar gida har sau biyu. Duk unguwa ta ji, ban da ke.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata kabarinki, ya isar miki da abin da wasiƙa ta kasa.

Ɗiyarki,
Rabi